Tsuntsayen Tenango: in buga su a yadi ko in haƙura?

Binta Mai Zane ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri, maganar tawa da ɗan tsawo, amma in ban faro ta daga tushe ba, ba za ku gane abin da ya tsaya mini a rai ba.

Sana'ata zanen yadi ce. Ina zana fure ko wani fasali a kwamfuta, in jera shi yadda zai riƙa maimaituwa ba tare da ido ya kama mahaɗa ba, sai in sayar wa masu buga zanin gado da labule da rigar filo. Shekara bakwai ke nan da ita nake ci. A ƙarshen watan Oktoban bara maigidana ya samu taron aiki na kwana huɗu a Birnin Meziko, na ce masa wallahi ƙafarka ƙafata. Muka ƙara kwana goma a kai daga aljihunmu.

Kafin mu tashi har na yi wasu zane guda uku da na sa wa suna "Meziko", duk daga hotunan intanet: tsiron nan mai ƙaya, malafar nan mai faɗin baki, jan barkono, da ratsi-ratsi na kowane launi da Allah Ya halitta. A lokacin gani nake na ƙure basira. Yau ko buɗe su ba na iya yi don kunya.

Birnin yana kan tudu, wajen mita 2,240 sama da teku, don haka kwana biyun farko ko matakalar otal na hau sai na tsaya ina haki. Ranar Litinin kuma na yi asararta, ashe yawancin gidajen tarihinsu a rufe suke ranar. Da na samu kaina sai na je Shuɗin Gida, gidan Frida Kahlo, shahararriyar mai zanen ƙasar, da ke unguwar Coyoacán, wanda aka mayar gidan tarihi a 1958. Shuɗin bangon nan ba ya shiga hoto. Na ɗauka ya fi sau talatin, babu wanda ya yi kama da abin da idona ya gani. Amma inda aka yi mini darasi na gaske shi ne gidan Luis Barragán, maginin da ya gina wa kansa gida a 1948. Daga waje siminti ne kawai, ruwan toka, ba za ka ce akwai wani abu a ciki ba. Kana shiga sai bango guda ruwan hoda ya tare ka, ƙasan baƙin dutse, sauran bangwayen fari fat, can sama kuma wani allo mai ruwan zinariya yana watso haske. Iyakar launin wurin ke nan. Na zauna na ƙirga: a zanena na farko launi goma sha ɗaya na zuba, kowanne yana ihu, babu mai sauraren wani.

Daga nan muka hau bas ɗin ADO zuwa Puebla, tafiyar awa biyu. Garin tayil ne. Abin da ban taɓa lura da shi a hoto ba shi ne, a yawancin tsofaffin gidajen ba a lulluɓe bango da tayil gaba ɗaya. Jan bulo ake jerawa kamar saƙar tabarma, sai a dasa tayil mai shuɗi da fari ɗai-ɗai a tsakani, bulon yana ba ido wurin hutawa. Mun shiga wani gidan da ake yin tangaran ɗin da suke kira talavera, na ga mai fenti yana shafa wani abu ruwan toka a kan faranti. Na ce wannan fa? Aka ce shuɗi ne, sai ya shiga wuta zai nuna kansa. Launi shida kacal ƙa'idarsu ta yarda da su: shuɗi, rawaya, baƙi, kore, ruwan goro da wani shunayya mai haske. Kuma farin ba fari tas ba ne, ya ɗan sirka da ruwan madara.

Sai Oaxaca, wanda ake furtawa Wahaka, awa huɗu da rabi zuwa biyar daga Puebla. Mun isa ana shirin bikinsu na tunawa da mamata na ranakun 1 da 2 ga Nuwamba, kasuwanni sun cika maƙil da wani fure ruwan goro mai suna cempasúchil, har ƙamshinsa yana hawa kai. Ni dai ƙoƙon kawunan da suke yi wa ado ban taɓa jin zan sa su a zanena ba, wa zai kwanta a kan zanin gado mai kwarangwal? Amma furen kam na zana shi shafi shida.

A ƙauyen Teotitlán del Valle, kimanin kilomita 30 daga garin, masaƙa ne 'yan ƙabilar Zapotec, dardumar ulu suke saƙawa. Wata dattijuwa ta kamo hannuna, ta kankaro wani farin abu kamar auduga daga jikin ganyen nopal, tsiron nan mai faɗi da ƙaya, ta murje mini a tafin hannu. Sai ga ja kamar jini. Ashe ƙwaro ne, cochinilla. Ta matsa lemun tsami a gefe guda, nan take ya koma ruwan goro. Ta barbaɗa garin soda a ɗaya gefen, ya koma shunayya. Launi uku a tafin hannuna daga ƙwaro ɗaya, ni da nake zaɓen launi da danna maɓalli. Ana tara ƙwaron nan wajen 70,000 kafin a samu abin da bai cika rabin kilo ba. Shuɗinsu daga baba ne, rawaya daga fure, ruwan ƙasa daga ɓawon 'ya'yan wata bishiya. Daga can muka wuce Mitla, tsohon ginin da aka yi wa bangonsa ado da ƙananan duwatsu sassaƙaƙƙu, an cusa su cikin juna ba tare da siminti ko laka a tsakaninsu ba, suna hawa suna sauka kamar matakala. Da na koma kallon dardumar da na saya, sai na ga ashe bangon Mitla ne masaƙin ya saƙa.

To ga inda gizo ke saƙar. Ranar ƙarshe, a kasuwar La Ciudadela da ke Birnin Meziko, na sayi wani farin ƙyalle na auduga, tsawonsa kamar kamu huɗu, an cika shi da ɗinkin hannu: tsuntsaye, barewa, zomo, zakara mai jela kamar ganye, kowace dabba an rarraba jikinta ratsi-ratsi da zare mai launi. Matar da ta sayar mini ta ce daga Tenango de Doria ta kawo shi, a jihar Hidalgo. Peso 1,800 na biya, har da 'yar tayawa da na yi, wadda yanzu nake nadamarta. Da na dawo gida na kwashe mako guda ina kwafar tsuntsayen a kwamfuta, na gyara musu ƙafafu, na jera su suka maimaitu lafiya lau. Wani da nake sayar wa zane ya gani ya rikice, ya ce yadi dubu biyu zai fara bugawa.

Sai wata abokiyar aikin maigidana, 'yar can, da na tura mata hoton ina murna, ta amsa mini da gajeren saƙo: zanen ya yi kyau, amma kin san yana da masu shi ko?

Tambayata ke nan. Na sayi ƙyallen da kuɗina, na sake zanawa da hannuna. Nawa ne ko ba nawa ba? In kuma ba nawa ba ne, to ina iyakar abin da mai zane zai iya ɗaukowa daga ƙasar da ta burge shi? Littafin zanena cike yake, amma yanzu kowane shafi na buɗe sai in ji kamar na shiga gonar wani.

Ɗan Asabe ya rubuta:

Wa alaikumus salam Hajiya. Ni ɗan kasuwa ne, ba zan yi miki kwana-kwana ba: ki buga abinki. Tsuntsu na Allah ne, barewa ta Allah ce, babu wanda ya yi musu rajista. Ki shiga intanet yanzu ki rubuta sunan zanen nan, za ki ga an buga shi a jikin filo, kofi, jakar hannu, har da takardar manna bango, kuma masu yi ba su taɓa taka Meziko ba. Ke da kika je har can, kika sayi na ainihi, kika sa wa matar kuɗi a hannu, ke ce za ki zauna kina tuhumar kanki? In kin bari wani zai yi, kuma matar nan ko sisi ba za ta ƙaru da barin naki ba.

Sannan su ɗin ma ai aro suka yi. Tayil ɗin da kike yabo Turawan Sifen ne suka kai musu. Tumakin da ake aske ulun dardumarki ma ba 'yan ƙasar ba ne. Duniya haka take tafiya, wannan ya ɗauka wurin wancan. Yadi dubu biyu ba wasa ba ne a wannan marra.

Malam Habu ya rubuta:

Malama Binta, sannu da dawowa. Ɗan Asabe, rabin maganarka gaskiya ce, bari in ma ƙara maka hujja kafin in saɓa maka.

Tangaran ɗin Puebla asalinsa ya fi Sifen nisa. Dabarar shafa wa yumɓu farin ruwa mai sinadarin kuza don ya yi kama da tangaran ɗin Sin, a Iraƙi aka fara ta a ƙarni na 9, Musulmi suka kai ta Andalus, daga can ta haye teku bayan an kafa Puebla a 1531. Kalmar azulejo da suke kiran tayil da ita ma daga Larabci take. Shuɗi da farin kuma ya samu ƙarfi ne daga kayan Sin da jiragen ruwa suka riƙa kawowa daga Manila ta ƙasar Filifin zuwa tashar Acapulco ta Meziko tsakanin 1565 da 1815. Shi ya sa da UNESCO ta sa wannan sana'a cikin gadon al'adun duniya a 2019, Meziko da Sifen aka haɗa a rajista ɗaya. Tumaki da masaƙar da ake takawa da ƙafa, su ma gaskiyarka, a ƙarni na 16 suka shigo. Kuma ba hanya ɗaya kayan suka bi ba: jan ƙwaron da Malama ta gani shi ne abin da ya fi kawo kuɗi daga wannan ƙasa a zamanin mulkin Sifen in ka cire azurfa.

Amma ka duba yadda aron ya kasance. Maginin tukwanen Puebla ya koyi sana'ar ne, ya yi ta da yumɓun ƙasarsa, har ta rikiɗe ta zama wani abu da babu shi a Sin ko a Andalus. Bai ɗauki farantin wani ya kwafe shi layi-layi ya sa sunansa ba. Abin da Malama ta yi da tsuntsayen, da bakinta ta faɗa, kwafa ne da gyaran ƙafafu.

Kuma wannan ɗinki ba wani tsohon abu ba ne da masu shi suka shuɗe. A shekarun 1960 ya fito da wannan siffa, a ƙauyen San Nicolás da ke yankin Tenango de Doria, lokacin da fari ya kashe noma, matan ƙabilar Otomí suka nemi abin da za su sayar su ci. Ana danganta farawarsa ga wata mata, Josefina José Tavera. Wato abinci ne aka ƙirƙira saboda yunwa, kuma har yau da shi gidaje da yawa suke ɗora tukunya. Aikin ma rabawa ake yi: akwai mai zana dabbobin da alƙalami a kan ƙyalle, akwai masu cikewa da zare. Ƙyallen hannunki yana da wanda ya zana shi, mutum guda mai rai. Babban mayafin teburi yakan ci watanni. Duk yadin da inji ya buga da arha, kasuwarsu yake ci. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Su kuma can ba sa ɗaukar abin da wasa. A 2015 mutanen Santa María Tlahuitoltepec a Oaxaca sun fito sun ce Isabel Marant, wata mai zanen tufafi 'yar Faransa, ta kwafi rigarsu ta gado. A watan Yunin 2019 ministar al'adu ta lokacin, Alejandra Frausto, ta rubuta wa kamfanin tufafi na Carolina Herrera takarda tana neman bayani, kuma ɗaya daga cikin rigunan da ake magana a kai tsuntsayen Tenango ne a jikinta, irin naki sak. A watan Janairun 2022 suka kafa dokar tarayya da ta ce ba a amfani da gadon al'adun ƙabilun ƙasar don kasuwanci sai da yardar al'ummar da ke da shi, yardar da aka nema tun kafin a fara, kuma akwai tara da ɗauri. A 2025 ma Adidas sai da ta ba da haƙuri a kan wani takalmi da aka kwaikwayo daga na mutanen Villa Hidalgo Yalálag.

Dokar ta Meziko ce, ba na ce gobe za a ƙwanƙwasa miki ƙofa ba. Amma tambayarki ba ta 'yan sanda ba ce. Kin tambaya naki ne ko ba naki ba. Ƙyallen naki ne, ki shimfiɗa, ki rataye, ki bar wa jikoki. Zanen da ke jikinsa ba a sayar miki da shi ba.

Anti Rabi ta rubuta:

Binta ƙanwata, ni ba zan shiga maganar doka ba, Malam ya gama ta. Na fi shekara ashirin ina harkar buga yadi, ta wannan ɓangaren zan yi miki magana, kuma kar ki ji haushi.

Ko da babu mai ƙorafi, zanen nan ba zai yi miki kyau a yadi ba kamar yadda yake yi a kwamfuta. Ɗauko ƙyallen ki juya bayansa. Za ki ga kusan babu zare a baya, sai 'yan ɗige-ɗige da suka bi gefen kowace dabba, domin ɗinkin gicciye ne da ke barin zaren duka a fuska. Wannan tudun zaren, da yadda haske ke zamewa a kansa in kin motsa ƙyallen, shi ne rabin kyawun. Inji zai ba ki tsuntsu a shafe kamar an bi ta kansa da dutsen guga. Duk kwaikwayon da Ɗan Asabe yake cewa ya cika intanet, ki kalle su da kyau, kamar hoton abinci ne a gaban mai jin yunwa. Zanin aro ba ya rufe katara, ke da sunanki Mai Zane ai kin fi kowa sani.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, kin zo da dukiya kin ajiye a gefe kin kama abin da ya fi arha. Ki sake karanta abin da kika rubuta. Bango guda mai launi, sauran su yi shiru. Tayil ɗaya a tsakiyar bulo goma. Farin da ba fari tas ba. Launi shida ba ƙari. Launi uku daga tushe ɗaya. Waɗannan ba hoton kowa ba ne, hanyar tunani ce, kuma da ita za ki iya zana abin da babu wanda zai ce nasa ne. A bangon Mitla ma akwai wani sirri: in kin ƙura wa dutsen da ya fito ido za ki ga fasali, in kin ƙura wa ramin da ke tsakani ido za ki ga wani fasalin, babu wanda yake bayan wani. Anni Albers, wata shahararriyar masaƙiya 'yar asalin Jamus, da mijinta Josef sun fara zuwa Meziko a 1935, suka yi ta komawa fiye da sau goma, suna ɗaukar hotunan irin waɗannan gine-gine. Ki nemi saƙarta ki gani. Za ki ji ƙamshin wurin, amma ba za ki iya nuna bango guda ki ce ga abin da ta kwafa ba.

Ga abin da nake sa yarana su yi. Ki ninke ƙyallen ki sa a akwati, ki rufe hotunan wayarki na mako biyu. Ki ɗauki takarda ki rubuta da kalmomi, ba da zane ba, me ya sa abin ya burge ki. Misali: dabba da ganye sun cika fili ba su taɓa juna ba, jiki ɗaya launi biyar, babu sama babu ƙasa. Sai ki zana abin da ke gaban idonki da waɗannan ƙa'idoji.

Sai maganar launi, tunda za ki sha wuya a nan. Ruwan hodan nan mai ƙarfi da suke kira rosa mexicano, in aka buga shi da tawada huɗun da aka saba, mutuwa yake yi ya koma kamar an wanke shi sau goma. Ki sa a haɗa miki shi daban, kuma kar ki yarda a fara aiki sai kin ga samfuri a kan ainihin yadin, a hasken rana, ba a ƙarƙashin fitilar shago ba. Jan kuma kar ki zuba shi iri ɗaya. Duba dardumarki, za ki ga jan yana ɗan sauyawa daga layi zuwa layi saboda ba a tukunya ɗaya aka rina zaren ba. Ki sa ja biyu ko uku masu kusanci da juna, shi ne zai ba shi rai.

Ummu Hanan ta rubuta:

Anti Binta ni dai tafiyar ce ta tsole mini ido. Yaya kuka yi da abinci? Kuma in mutum kwana bakwai kawai gare shi, ina da ina zai je?

Binta Mai Zane ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na yi shiru kwana biyu ne saboda maganar Anti Rabi ta yi mini zafi, kuma ta yi zafin ne don gaskiya ce. Na juya ƙyallen kamar yadda kika ce. Wata takwas yana hannuna ban taɓa kallon bayansa ba. A can wani lungu na ga inda zare bai gama rufe layin alƙalamin mai zanen ba, shuɗin biro, har da inda hannunsa ya ɗan karkace a bakin zakara. Wannan karkacewar tana cikin abin da na "gyara" a kwamfuta.

Malam Ɗan Asabe, ban raina maganarka ba, don kuɗin ina buƙatarsu, kuma gaskiya ne barin da zan yi ba zai sa wa matar nan komai a aljihu ba. Abin da na kasa shi ne in rubuta sunana a gefen yadin. Na kira mai sayen na ce masa wancan zanen ba na sayarwa ba ne. Bai ji daɗi ba ko kaɗan, ya ce ni na cika tsirfa. Na roƙe shi mako uku in kawo masa wani. Ya ce zai duba, amma in ya karɓa ma da yadi ɗari biyar zai fara, ba dubu biyu ba. Na haɗiye.

Abin da nake kai yanzu: furen cempasúchil da na zana da idona a kasuwar Oaxaca, na yanka shi biyu ina kallon yadda ganyayensa suka jeru, na dasa shi ɗai-ɗai a kan fili mai saƙar tabarma irin bulon Puebla. Launi huɗu kawai, ja biyu, ruwan goro, da farin nan mai ruwan madara. Na farko ya fito kamar tabarmar da aka zubar wa miya. Na biyar ya fara kama hanya. Malam Habu, akwai abin da har yanzu ban warware ba: matakalar Mitla. Masaƙan Teotitlán suna saƙa ta suna ci da ita, to ita ma tasu ce ke nan, ko kuwa ta zama ta kowa tunda ginin ya yi ɗaruruwan shekaru a tsaye? Na cire ta daga wannan aikin tukuna har in ji ta bakinka. Ita kuma abokiyar aikin maigidana ta ce za ta bincika mini ko akwai ƙungiyar masu ɗinki a Tenango da ke yarda a yi aiki tare, a sa sunansu, a raba riba. In ya yiwu, tsuntsayen za su fito ta ƙofa.

Ummu Hanan, abinci sai da lura. Naman alade da kitsensa suna shiga wuraren da ba za ki zata ba: wake, tamales (ƙullun masara da ake turarawa a ganye kamar alala), har da babbar wainar masarar Oaxaca da ake kira tlayuda, wadda ake shafa wa kitsen kafin a ɗora komai. Tacos al pastor da za ki ga ana yankowa daga sanda kamar shawarma, alade ne. Na haddace kalmomi biyu, sin puerco da sin manteca, wato ban da alade, ban da kitse, kuma mun fi cin kifi, ƙwai da 'ya'yan itace. Abin da ya ba ni dariya, ruwan da suke kira jamaica ashe zoɓo ne, kuma a kasuwar Oaxaca ga fara nan soyayya da yaji da lemun tsami, tuli-tuli a kwando.

In kwana bakwai ne, ni zan ba Birnin Meziko biyu, Puebla ɗaya, sauran huɗun Oaxaca, a shirya yadda Lahadi za ta same ki a can don kasuwar Tlacolula, wadda ke kan hanyar Teotitlán da Mitla. Tikitin Shuɗin Gida ta intanet ake saya, kuma yana ƙarewa da wuri, gidan Barragán shi ma sai an kama wuri tun kafin a je. Ki riƙe tsabar peso ƙanana, a ƙauyuka ba kowa ke karɓar kati ba. Ki tambayi izini kafin ki ɗauki hoton mai saƙa ko kayanta. Kuma in kin sayi ɗinki, ki tambayi sunan wanda ya zana da wadda ta ɗinka ki rubuta. Ni ban tambaya ba, katin matar ma da ta ba ni na neme shi a jakunkuna uku ban gani ba, saura akwatin maigidana.